Yadda Za Ka Ziyarci Fagen Yaƙin Gettysburg, Ka Kwana a Tanti Kusa da Shi

Gettysburg ƙaramin gari ne a kudancin jihar Pennsylvania ta Amurka, dab da iyakar Maryland. A nan aka gwabza yaƙi mafi muni a duk yaƙin basasar ƙasar, daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863. Rundunar gwamnatin tarayya, wato 'yan Arewa, tana ƙarƙashin Janar George Meade, wanda aka ba shi ragamarta kwana uku kacal kafin a fara artabu. Rundunar jihohin Kudu da suka ɓalle don riƙe tsarin bauta kuwa tana hannun Janar Robert E. Lee. Kafin ƙura ta lafa, waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai kimanin 51,000, a garin da mazaunansa ba su wuce 2,400 ba. Yau filin yana hannun hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta ƙasa, faɗinsa wajen eka 6,000, da alamomin tunawa sama da 1,300 da igwa kusan 400 a jere a inda aka harba su.

Yawancin masu zuwa kan iso da hantsi, su zagaya cikin mota, su ɗauki hoto a jikin igwa, kafin la'asar sun kama hanyar gida. Wanda ya yi haka ya ga duwatsu da gonaki, amma bai ga yaƙin ba. Gettysburg yaƙin tudu da kwari ne, kuma ba a gane tudu sai an hau shi da ƙafa. Shi ya sa wannan jagora ta haɗa ziyarar da kwana a tanti: ka yada zango a kusa, ka samu filin da sassafe da kuma gab da magariba, lokacin da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ba su iso ba ko sun riga sun tafi.

Da farko, tsayar da lokaci da hanya

Ka ware kwana biyu da yini uku idan da hali. Idan babu, kwana ɗaya da yini biyu ya fi zuwa da komowa a rana guda.

Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni, da kuma Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, su ne suka fi daɗi. A watan Mayu ɗalibai kan cika wurin da rana, amma da yamma sai su watse. Farkon Yuli lokacin tunawa da yaƙin ne, akwai jawabai da zagaye na musamman, sai dai cunkoso ya yi yawa, wuraren kwana kan cika tun da wuri, ga zafi mai gumi da hadarin yamma mai tsawa. A cikin Yuli ɗin ma ake taron masu manyan babura a garin, wanda ke son barci cikin natsuwa ya duba ranakun ya kauce. Oktoba kuwa lokacin tuffa ne a gundumar Adams, ganyaye sun canza launi, amma dare akwai sanyi mai shiga ƙashi ga wanda ke kwance a ƙasa. Mafi yawan wuraren kafa tanti suna rufewa da hunturu.

Jirgin ƙasa na fasinja ba ya zuwa Gettysburg. Mota kake buƙata, taka ko ta haya. Daga Washington tafiyar kamar mil 80 ce, ka bi ta Frederick ka hau hanya mai lamba 15 ka miƙe arewa. Daga Baltimore ya fi kusa, daga Harrisburg kuwa bai kai awa guda ba. Hanyoyi goma ne suka haɗu a garin, kuma wannan haɗuwar ce ta jawo rundunonin biyu suka yi kiciɓis a nan tun asali.

Na biyu, kama wurin kwana kafin ka bar gida

A cikin filin yaƙin kansa ba a yarda kowa ya kafa tanti ba. Akwai sansani ɗaya a dajin McMillan, amma na ƙungiyoyin matasa ne irin su 'yan sikawut, ba na iyali ko ɗaiɗaikun mutane ba. Kada kuma ka yi tunanin kwana cikin mota a bakin hanya, domin ana rufe filin jim kaɗan bayan faɗuwar rana, kuma jami'ai na sintiri.

Zaɓinka iri biyu ne. Akwai sansanonin 'yan kasuwa da suka kewaye garin: Artillery Ridge a kan titin Taneytown, wanda ya fi kowanne kusa da filin, kuma an san shi da harkar dawakai, Gettysburg Campground a titin Fairfield, a bakin rafin Marsh, sai Drummer Boy, da Round Top, da Granite Hill, da reshen kamfanin sansanoni na KOA. Waɗannan suna da wutar lantarki, da banɗaki mai ruwan zafi, da kanti, yawancinsu har da wurin ninƙaya na yara. Abin da za ka sani shi ne, manyan motocin nan masu ɗaki da kicin a ciki su ne suka fi yawa a cikinsu. Idan tanti gare ka, ka faɗa tun wajen kama wuri cewa filin tanti kake so, mai inuwa, nesa da babbar hanya. In ba haka ba, kana iya tsintar kanka a kan tsakuwa, tsakanin motoci biyu da na'urar sanyaya ɗakinsu ke gurnani har asuba.

Na biyun su ne gandun shaƙatawa na gwamnatin jiha, kuma ga mai tanti ni su na fi so. Caledonia yana yamma a kan hanya mai lamba 30, tafiyar kamar rabin awa, cikin dajin Michaux. Shi ma yana da nasa rabon a tarihin: masana'antar narka ƙarfe ta Thaddeus Stevens, ɗan majalisar da ya yi fice wajen adawa da bauta, a nan take, kuma dakarun Kudu ƙarƙashin Janar Jubal Early sun ƙone ta a watan Yuni na 1863 a kan hanyarsu ta zuwa gabas. Pine Grove Furnace yana arewa, da tafkuna biyu. Codorus yana gabas kusa da garin Hanover, a bakin babban tafki. Sun fi arha, sun fi shiru, kuma dokar jiha ta hana shan giya a cikinsu, abin da mai iyali zai yi maraba da shi. Ana kama wuri ta intanet, har watanni 11 kafin ranar, kuma ƙarshen mako na bazara da na Oktoba kan ƙare da wuri. Kuɗin da ka rage, ka biya shi da tuƙi safe da yamma. Idan burinka ka ga fitowar rana a fagen fama, ɗauki na kusa. Idan daji kake so, ɗauki na jiha.

Wanda bai taɓa kwana a tanti ba, ko yana tare da tsofaffi, ya tambayi ƙananan ɗakunan katako da kusan duk sansanonin ke bayarwa haya. Babu abin kunya a ciki.

Na uku, kaya

Tanti mai rufin ruwan sama, da leda mai kauri da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Ka gwada kafa shi a gida tukuna, domin koyon haɗa sanduna cikin duhu da tocila a baki ba abin so ba ne. Katifar iska ko ta soso, domin sanyi daga ƙasa yake tasowa, bargo kaɗai ba ya tare shi. Risho na gas, tukunya, kula da ƙanƙara, buta, darduma, rigar ruwa, hula, da takalmi rufaffe mai ƙarfi.

Itacen wuta kada ka ɗauko shi daga gida. Hukumomi suna hana yawo da itace daga wani yanki zuwa wani saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi, don haka ka saya a sansanin ko kusa da shi. Naman halal ka taho da shi daga Washington, Baltimore ko Harrisburg, domin a ƙaramin gari irin wannan kada ka dogara da samu. Ragar gashin da ke kan murhun kowane fili kowa na amfani da ita, kuma naman alade ba baƙo ba ne a kanta, sai ka shimfiɗa takardar alminiyom ko ka zo da taka ragar. Alƙibla daga Pennsylvania arewa maso gabas take, ba kudu maso gabas ba kamar yadda ido kan raya wa mutum idan ya kalli taswira. A tsakiyar bazara alfijir kan keto tun wajen ƙarfe huɗu, magariba kuma sai bayan takwas da rabi, ka tsara barcinka da wannan.

Da dare ka kulle duk abinci cikin but ɗin mota, har da shara. A dajin Michaux akwai beyar, ga ƙananan dabbobin dawa da suka ƙware wajen buɗe kula.

Abin da ya fi beyar zama barazana shi ne kaska. Pennsylvania tana cikin jihohin da cutar Lyme ta fi yawa, kuma kaskar da ke ɗauke da ita ƙarama ce ƙwarai, tana maƙale a doguwar ciyawa, irin ciyawar da za ka ratsa a filin. Sa dogon wando, cusa ƙafarsa cikin safa, fesa maganin ƙwari, kuma kowane dare ka duba jikinka da na yara: bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne, cikin gashi. Idan ka ga ta kama, cire ta da ɗan hantsaki, ka kama ta dab da fata ka ja a hankali. Idan daga baya wani jan zobe ya fito a wurin, ko zazzaɓi ya zo, ka ga likita ka gaya masa inda ka je. Akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da ke yaɗo a jikin shinge da katangar dutse, taɓa shi na kawo ƙaiƙayi da ƙuraje na kwanaki.

Na huɗu, yinin farko: gidan tarihi, sannan arewacin gari

Ka fara da cibiyar baƙi da ke titin Baltimore. Shiga filin yaƙin kyauta ne, haka ma taswira, amma gidan tarihi da ɗan gajeren fim da babban zanen nan sai da tikiti. Ba a shiga da jakar goyo, ka bar ta a mota. Zanen ya cancanci kuɗinsa: wani Bafaranshe, Paul Philippoteaux, ya yi shi a shekarun 1880, tsawonsa a kewaye mita 115, tsayinsa mita 13. Kana tsaye a tsakiya, harin rana ta uku ya kewaye ka ta ko'ina. Ka kula da gonaki da bishiyoyin da ke cikinsa, jibi ko gobe za ka tsaya a kansu.

A nan ne kuma ake ɗaukar ja-gora mai lasisi. Tun 1915 gwamnati ke yi wa masu wannan aiki jarrabawa, kuma ba wasa ba ce. Tsarin yana ba baƙo mamaki: ja-goran zai shiga motarka, shi zai tuƙa, ya zagaya da ku awa biyu yana bayani. Idan kuna da yawa a mota, kuɗin ya fi sauƙi a kan kowa. Ka kama tun kafin ka zo, ka kuma gaya masa abin da ya fi jan hankalinka, ko dabarun yaƙi ne, ko aikin likitoci, ko halin da baƙaƙen fata na garin suka shiga. Shawarata ka yi wannan zagayen a yinin farko, ya zame maka shimfiɗa, sauran lokacin ka koma da ƙafarka.

Hanyar zagayen mota mil 24 ce, da matsaya 16, kuma an jera su bisa yadda yaƙin ya gudana. Ka bi jerin. Tituna da yawa hannu ɗaya ne, wanda ya ce zai yi tsalle daga nan zuwa can sai ya ɓata lokaci ya kuma rikita labarin.

Faɗan rana ta farko an yi shi ne a yamma da arewacin gari. A tudun McPherson sojan doki na Janar John Buford suka tare dakarun Kudu da ke tahowa ta titin Chambersburg, suka riƙe su har sojan ƙasa suka iso. A ɗan kurmin da ke wurin aka harbe Janar John Reynolds na 'yan Arewa da safiyar ranar. Ka hau zuwa Oak Hill, inda wutar tunawa da zaman lafiya ke ci, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar a 1938. Daga nan za ka ga yadda 'yan Kudu suka ɓullo ta arewa suka naɗe layin 'yan Arewa, har suka kora su ta cikin gari zuwa tudun maƙabarta. Lee ya ci ranar farko, amma abokan gabarsa sun faɗa kan tuddai mafi kyau. Duk sauran labarin daga nan ya taso.

Ka koma sansani da sauran rana, ka kafa tanti kafin duhu.

Na biyar, yini na biyu: kudancin fili, da ƙafa

Bayan sallar asuba ka sha shayi ka fita. Ana buɗe filin kafin fitowar rana kaɗan. Ka nufi ɗan tsaunin Little Round Top kai tsaye, domin da hantsi samun wurin ajiye mota a can sai an yi da gaske.

Layin 'yan Arewa a rana ta biyu siffar ƙugiyar kamun kifi gare shi: lanƙwasar tana Culp's Hill da tudun maƙabarta, sandar ta miƙe kudu, ƙarshenta a wannan ɗan tsauni. Ka tsaya kusa da mutum-mutumin Janar Gouverneur Warren, wanda ya hau nan ya tarar babu dakarun da ke tsaron wurin, ya aika a kawo su cikin gaggawa. Dubi ƙasa: ga tarin manyan duwatsun Devil's Den, ga kwarin da ke tsakani, can gaba gonar alkama da lambun da Janar Daniel Sickles ya tura rundunarsa gaba ba da izini ba, ya bar giɓi a layi, ya kuma rasa ƙafarsa. Sannan ka gangara ta cikin bishiyoyi zuwa inda bataliya ta 20 ta jihar Maine ta tsaya a ƙarshen layin gaba ɗaya. Harsashi ya kusa ƙare musu, Kanar Joshua Chamberlain, wanda malamin kwaleji ne kafin yaƙi, ya sa aka ɗaura banati suka gangaro kan maharan. Alamarsu ƙaramin dutse ne a kan wani dutse, ba ta da wani ado. Ka sauka ƙasa kaɗan ka juyo ka hau, ka ji yadda numfashi ke yi, ka tuna maharan, mutanen jihar Alabama ta Kudu, da suka hau nan sun yi tafiyar mil da yawa a ranar cikin zafin Yuli, gorunan ruwansu babu komai.

A Devil's Den ka riƙe hannun yara, duwatsun suna da santsi da ramuka, macizai ma kan sha rana a tsakaninsu. Gonar alkama ba ta da abin kallo sosai, fili ne kawai, amma ta sauya hannu sau da dama a yammaci ɗaya. Kusa da babbar hasumiyar Pennsylvania, wadda aka rubuta sunayen sojojin jihar sama da 34,000 a jikinta, akwai alamar bataliya ta 1 ta Minnesota. Mutum 262 aka tura su toshe giɓi don a sami 'yan mintuna, 215 suka faɗi, matattu da masu rauni.

Da rana ta take, ka koma sansani ka ci abinci ka huta. Culp's Hill kuwa ka ba shi awa guda da la'asar. Mutane ba su cika zuwa ba, alhali an shafe wajen awa bakwai ana faɗa a can da safiyar rana ta uku, kuma har yanzu ana ganin sawun ramukan kariya a cikin dajin.

Abin da ya fi komai a ziyarar ka bar shi zuwa yamma. Ka je alamar Virginia a tudun Seminary, inda mutum-mutumin Lee ke kan doki. A rana ta uku, bayan igwa wajen 150 sun yi ta ruwan wuta tun ƙarfe ɗaya, dakaru kimanin 12,500 suka fito daga bishiyoyin nan da misalin ƙarfe uku, suka doshi tsakiyar layin 'yan Arewa a fili fetal. Wannan shi ne harin da ake kira da sunan Janar George Pickett. Akwai turba da aka yanke ciyawarta, kusan mil guda, ka bi ta da ƙafa. Za ka lura ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar yadda take daga nesa: wani wuri ka nutse cikin kwari, tudun da kake nufa ya ɓace maka, ka sake hawowa ka gan shi ya ƙara kusa. Sai titin Emmitsburg da shingayen katako a gefensa. A nan mutane suka tsaya hawa shinge, bindigogi na jiransu. Ka duba motoci kafin ka tsallaka, titin yana aiki har yau. Daga nan hawa ne zuwa gajeriyar katangar dutse da 'yar kurmin bishiyoyi. Janar Lewis Armistead ya tsallake katangar da hularsa a kan tsinin takobi, da 'yan mutane kaɗan a bayansa, kuma akwai alama a inda aka harbe shi. Kusan rabin waɗanda suka fito ba su koma lafiya ba. Idan kuna da yawa, wani ya zagaya da mota ya jira ku a can, in ba haka ba tafiyar ta zama biyu.

Kafin ka bar wurin, ka taka 'yan taku arewa zuwa wani ɗan farin gida. Na Abraham Brian ne, baƙar fata 'yantacce, mai gonarsa. Shi da iyalinsa sun gudu kafin dakarun Lee su iso, domin sojojin Kudu suna kama baƙaƙen fata a Pennsylvania, 'yantattu da waɗanda suka tsere daga bauta, suna tura su Kudu. Ya dawo ya tarar an ragargaza gidan da gonar.

Na shida, safiyar ƙarshe

Ka bar tanti ya sha iska raɓa ta bushe kafin ka naɗe, ka kashe wuta da ruwa har toka ta yi sanyi, ka kwashe shararka, ka duba lokacin da ake so a bar fili.

Sai maƙabartar sojoji. Sama da sojojin Arewa 3,500 ke kwance a nan cikin layuka masu siffar rabin da'ira, jiha jiha, 979 daga cikinsu lamba kawai ke kan dutsensu. Ba a binne 'yan Kudu a nan ba, an kwashe gawarwakinsu zuwa Kudu a shekarun 1870, da yawa zuwa Richmond. A bikin keɓe wannan maƙabarta, ranar 19 ga Nuwamba, 1863, babban mai jawabin bikin, Edward Everett, ya yi jawabin awa biyu, sannan Shugaba Abraham Lincoln ya tashi ya yi nasa na kimanin minti biyu, wanda ɗaliban Amurka ke haddacewa har yau. Alamar jawabin da ke kusa da ƙofa ba a inda ya tsaya take ba, masu bincike sun fi karkata ga cewa dandamalin yana cikin maƙabartar Evergreen ta gari, bayan shingen ƙarfe. Wurin kaburbura ne, a rage murya, a hana yara guje-guje.

Dokokin filin kaɗan ne amma ana hukunta mai karya su: ba a hawa igwa ko alamomi, ba a tashin jirgi marar matuƙi, ba a shiga da na'urar neman ƙarfe, ba a ɗaukar komai. Idan ka ga harsashi ko wani tsohon ƙarfe a ƙasa, ka bar shi a inda yake ka sanar da jami'i.

Idan da sauran lokaci, gidan David Wills, inda Lincoln ya kwana, yana dandalin tsakiyar gari, gonar Shugaba Dwight Eisenhower kuma tana manne da filin ta yamma, ka duba ranakun buɗe su tukuna. Masu tallar zagayen fatalwa da dare za su tare ka a titin Steinwehr da na Baltimore, kasuwanci ne kawai, ba ruwan hukumar filin da shi. Wanda zai koma Washington kuma yana da ƙarin dare ɗaya, ya biya ta Thurmont a Maryland, akwai wurin kafa tanti a tsaunin Catoctin da Cunningham Falls, daga can kuma fagen yaƙin Antietam bai kai tafiyar awa guda ba.